Tsofaffin Gidajen Jere na Zamanin Sarauniya Biktoriya: Tambayoyin da Masu Haya da Masu Saye Suka Fi Yi

Wanda ya sauka a ƙananan garuruwan masaƙu na arewacin Ingila, ko karatu ya kawo shi ko aikin asibiti ko kula da tsofaffi, da wuya a ce bai taɓa kwana a irin gidajen nan ba: dogon layi na gidaje manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa, bututun hayaƙi a jere bisa rufi kamar da igiya aka auna su. Su ne suka fi sauƙin haya, su ne kuma yawancinmu ke fara saye. Na daɗe ina zaune a ɗaya daga cikinsu a wani ƙaramin gari na Lancashire, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi maimaita mini, wasu ta waya, wasu a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a. Dokokin da na ambata na Ingila ne. Wales da Scotland suna da nasu tsarin.

Wane gida ake nufi idan an ce teras na zamanin Biktoriya?

Gida ne da aka gina a cikin layi, bangonsa na dama da na hagu duk na tarayya ne da maƙwabta, a tsakanin 1837 da 1901, shekarun da Sarauniya Biktoriya ta yi a kan gadon sarauta. Mafi ƙanƙanta yana da ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, da matakala mai tsayi a tsakani. Faɗin fuskarsa ba ya wuce mita huɗu zuwa biyar. A baya akwai 'yar tsakar gida da aka shimfiɗe da falalen dutse, da ɗan ɗakin da a da shi ne masai, da wani na ajiye kwal, sai ƙofa da ke fita zuwa lungun baya.

A kudancin ƙasar da tsakiyarta jan bulo ya fi yawa. A garuruwan kan tuddai na Lancashire da Yorkshire kuwa da dutsen yankin aka yi su, wanda hayaƙin masaƙu ya mayar da shi baƙi.

Me ya sa suka yi yawa haka, titi bayan titi?

Mutane ne suka ƙaru fiye da yadda aka taɓa gani. A 1801 mutanen Ingila da Wales ba su cika miliyan 9 ba; zuwa 1901 sun haura miliyan 32. Ƙidayar 1851 ita ce ta fara nuna cewa mazauna gari sun fi na ƙauye yawa. Masaƙa tana busa ƙaho tun da asuba, babu mota, babu keke a hannun talaka, don haka dole ma'aikaci ya kwana inda zai taka da ƙafa ya isa aiki. Gidan jere kuwa yana cin fili kaɗan, kuma bango ɗaya yana yi wa gida biyu aiki.

Kayan gini ma sun yi sauƙi a daidai lokacin. An soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na taga a 1851. Jirgin ƙasa ya riƙa kwaso falalen dutsen rufi, wanda ake ce wa sileti, daga ma'adinan arewacin Wales irin su Penrhyn da Dinorwig zuwa kowane lungu na ƙasar. Yawancin gidajen ƙananan magina ne suka yi su, mutum ya karɓi fili ya gina shida ko goma, ya sayar, ya ƙara gaba. Shi ya sa idan ka bi titi ɗaya a hankali za ka ga inda adon saman ƙofa ya sauya ko tsayin rufi ya ɗan bambanta. Nan ne aikin wani magini ya ƙare, na wani ya fara.

Yaya zan gane shekarar da aka gina gidan da nake ciki?

Fara da ɗaga kai. Layuka da yawa suna da dutse a tsakiya ko a kusurwa da aka sassaƙa sunan layin da shekara a jiki. Idan babu, dubi tagogi in har na asali ne: na farkon zamanin suna da ƙananan gilasai shida a kowane ɓangare, na baya kuwa gilashi biyu ko babba ɗaya, da wasu 'yan ƙahoni na katako a gefe waɗanda aka ƙara don ɗaukar nauyin babban gilashi. Taga mai turo ciki waje, da tayil mai zane a mashiga, da gilashi mai launi a saman ƙofa, duk sun fi yawa daga wajen 1870 zuwa sama.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce tsofaffin taswirorin gwamnati, waɗanda Babban Ɗakin Karatu na Scotland ya ɗora a intanet kyauta, har da na Ingila. Idan titinku gona ce a taswirar wajen 1850 amma ya bayyana a ta wajen 1890, ka san tsakanin da aka gina shi. Sai ka ƙara matse tazarar da takardun ƙidaya, kamar yadda na bayyana a amsar ƙarshe.

Me ya faru a 1875 da ake yawan ambaton shekarar?

Kafin wannan shekara, a garuruwa da yawa magini yana yin yadda ya ga dama. An cika garuruwa da gidaje masu haɗa baya da baya, wato bango uku na tarayya, ƙofa da taga a fuska ɗaya kawai, iska ba ta ratsawa, gidaje da dama suna layi a masai guda. Annobar kwalara ta yi ta ɗibar rayuka daga 1832, rahoton wani jami'in gwamnati, Edwin Chadwick, na 1842 kuma ya nuna ƙarara yadda ƙazantar muhalli ke kashe talaka. Dokar Lafiyar Jama'a ta 1875 ta ba ƙananan hukumomi ikon shimfiɗa ƙa'idojin gini, a 1877 kuma gwamnati ta fitar da samfurin da yawancinsu suka bi: titi ya kai faɗin ƙafa 36, a bar fili a bayan kowane gida da bai gaza murabba'in ƙafa 150 ba, kowane gida da masansa, a kuma sa shimfiɗar da za ta hana laimar ƙasa hawa bango.

Wannan ne ya haifar da miƙaƙƙun titunan da muke gani. Lungun bayan nan da muke ajiye kwandon shara a yau, an yi shi ne don masu kwashe bayan gida da dare da masu kawo kwal. Dokar 1909 ta hana gina sababbin gidaje masu haɗa baya, ko da yake birnin Leeds ya ci gaba da yin su har 1937.

Ina zan je in ga irin waɗannan gidaje yadda suke tun asali?

Je ka Saltaire, kusa da Shipley, arewa da Bradford. Jirgin ƙasa yana tsayawa a tsakiyar garin. Attajirin masaƙa Titus Salt, wanda ya yi arziki da saƙar gashin dabbar alfaka, shi ya kwashe harkarsa daga hayaƙin Bradford zuwa bakin kogin Aire. Ya buɗe masaƙar a 1853, ranar da ya cika shekara 50, sannan ya sa masu zanen gini Lockwood da Mawson suka tsara wa ma'aikatansa gidaje sama da 800, da makaranta, da asibiti, da majami'a, da gidajen gajiyayyu 45, da lambun shaƙatawa. Bai yarda an buɗe mashaya ko ɗaya a garin ba. Sunan garin ma haɗi ne na sunansa da na kogin, titunan kuma da yawa sunayen iyalinsa ne, kamar titin Caroline, sunan matarsa.

Abin da na fi so mutum ya lura da shi a Saltaire shi ne yadda gini yake faɗin matsayin mai shi. Gidan lebura ƙofarsa a kan titi take kai tsaye. Na mai sa ido a kan ma'aikata yana da ɗan lambu a gaba da taga mai baka. A ƙarshen layi sai ka ga gida mai hawa uku ya ɗaga kai sama da sauran. Masaƙar ta daina aiki a 1986, wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta a 1987 ya mayar da ita wurin baje zane da shaguna, a 2001 kuma hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Har yau mutane ne ke zaune a gidajen, suna shanya, suna kai yara makaranta.

Me ya sa banɗaki yake ƙasa, bayan kicin? Ɗakin gaba kuma na mene ne?

Domin ba a gina gidan da banɗaki ba. Masai yana can tsakar gida, wanka kuwa a babban bahon kwano ake yi gaban murhu, sau ɗaya a mako. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga wajen 1960, aka riƙa liƙa banɗaki a baya da tallafin gwamnati, ko a yanki wani sashe na ɗakin kwana.

Rayuwar gidan duka a ɗakin baya take, inda babban murhun ƙarfe yake dafa abinci, ya dafa ruwa, ya ɗumama jama'a. Ɗakin gaba kuwa a rufe yake yawancin mako. Nan ake ajiye kaya mafi kyau, nan ake karɓar baƙo na girmamawa, nan ake shimfiɗe mamaci kafin a kai shi. Shi ya sa duk wani ado na gidan, da zanen filasta a silin da kyakkyawan murhu, a wannan ɗakin aka zuba shi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da mu ma muna ware wa baƙo wurinsa dabam da cikin gida. Na ga iyalai da yawa namu da suka bar ɗakin a kan aikinsa na asali ba tare da sun san tarihinsa ba.

To ai gidajen leburori ne. Ina abin tarihi a ciki?

Wannan tambaya takan taɓa ni. Fadoji da manyan majami'u suna ba da labarin masu mulki. Labarin waɗanda suka tashi ƙarfe biyar na asuba suka tsaya a gaban injin saƙa har huhunsu ya cika da ƙurar auduga, a waɗannan layukan yake. Dubi dutsen bakin ƙofarka. A gidana tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, sawun takalman katako na masaƙa ne da goge-gogen matan da ke wanke shi kowane mako. Dubi kan 'yar katangar gaba, za ka ga guntayen ƙarfe a jere cikin dutse. Saura ne na shingen da aka yanke a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tara ƙarfe.

Darajar gidan jere kuma a layin take gaba ɗaya: tagogi a kan mizani ɗaya, rufi ɗaya, inuwa ɗaya. Mutum guda ya shafe fuskar gidansa da siminti ko ya faɗaɗa tagarsa, duk layin ya ji a jikinsa.

Akwai waɗanda suka tsaya a kan wannan har suka yi nasara. A unguwar Whitefield ta garin Nelson, a farkon shekarun 2000, an shirya ƙwace gidaje fiye da ɗari a rushe da sunan sun tsufa. Mazauna unguwar, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Pakistan, suka haɗa kai da ƙungiyoyin kare gine-ginen tarihi, aka yi zaman bincike a bainar jama'a, a 2003 gwamnati ta ƙi amincewa da shirin. Baƙi irinmu ne suka tsare wa garin gadonsa.

Bangon gidana yana jiƙewa, fumfuna tana fitowa. Tsufa ne ya kama shi?

Sau da yawa ba tsufa ba ne, gyaran gangar auzinawa aka yi masa. Bangon waɗannan gidaje a cushe yake, babu rata a tsakiya irin ta gidajen da aka gina daga wajen 1930. Da farar ƙasa da yashi aka ɗaura duwatsun ko bulon, da ita kuma aka yi filastar ciki, a cakuɗe da gashin dabba. Farar ƙasa tana shan ruwa idan an yi ruwan sama, ta sake shi idan iska ta buso. Siminti ba ya haka. Idan aka cike tsakanin duwatsu da shi, ko aka shafe bangon da fenti mai kama da leda, ruwa yana shiga ta 'yar tsaga ya rasa mafita. Sai ya bi ta ciki ya ɓullo a ɗakinka, ko sanyi ya daskarar da shi ya fasa fuskar dutsen. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa da ginin tubali a Kano ko Zariya bayan an yaɓe shi da siminti, yadda yaɓen ke ɓamɓarowa falle-falle ƙasar ciki ta riga ta jiƙe, ya san wannan ciwon.

Na gani a bangon bayan gidana. Wani magini da aka ɗauka kafin in shigo ya cike tsakanin duwatsun da siminti mai kauri har ya turo waje kamar ɗamara. Simintin yana nan daram, dutsen da ke gefensa kuwa yana marmashewa a hannu kamar gari. Sai da aka bi shi da kurfi a hankali aka cire, aka mayar da farar ƙasa, sannan ɗakin ya bushe, shi ma sai da rani biyu suka wuce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin ka biya kowa, bi abubuwa masu sauƙi. Fita lokacin da ake ruwa ka kalli indararo da bututun da ke sauko da ruwa, ko suna yoyo a jikin bango. Duba ko an ɗaga ƙasar tsakar gida da kankare har ta haye shimfiɗar hana laima. Ya kamata ƙasar waje ta kasance ƙasa da ita da kamar santimita 15. Sannan ka tuna da tururin da mu kanmu muke haifarwa: tukunyar tuwo, miyar da ke tafasa awa biyu, wankin da aka shanya a kan hita, tagogi duk a kulle. Fumfunar da ke kusurwa da bayan kabad yawanci daga nan take. Kamfanonin da ke zuwa duba laima kyauta suna da maganin sayarwa. Gara ka biya mai binciken gini mai zaman kansa wanda ya san tsofaffin gidaje.

Akwai wasu bulo masu huji a gindin bango, iska mai sanyi na shigowa ta nan. In toshe su?

A'a, don Allah kada ka toshe. Daɓen ɗakin gaba katako ne a kan azara, ƙarƙashinsa rami ne. Waɗannan hujojin su ke sa iska ta ratsa ta busar da katakon. Aka toshe su, azara ta ruɓe, wata rana ƙafa ta burma. Idan sanyin ya dame ka, cike tsagogin da ke tsakanin katakon daɓen daga sama ka shimfiɗa darduma mai kauri.

Haka ma bututun hayaƙi. Ko da ba a hura wuta, ya kamata a bar masa 'yar kafa a ƙasa da hula mai huji a sama. Tun bayan dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta biyo bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, aka yi ta rufe murahu, kuma da yawa an liƙe su ruf. Tabon ruwan kasa da kake gani a bangon murhu a ɗakin sama, sau da yawa daga nan yake. Wannan yana da alaƙa da abin da na faɗa a amsar laima.

Tagogin katako ne masu zamewa sama da ƙasa, suna kaɗawa in ana iska. In sauya su da na roba?

Idan na asali ne, ka yi sa'a, domin kaɗan suka rage. Katakonsu na itacen da ya girma a hankali ne a ƙasashen sanyi, ya fi na kasuwar yau ƙarko nesa ba kusa ba. A cikin akwatin gefen tagar akwai dunƙulen ƙarfe rataye da igiya, shi ke daidaita nauyi har yaro ya iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Igiyar ce ke tsinkewa, dokin tagar na ƙasa ne ke ruɓewa, kuma kafinta yana sauya su duka ba tare da ya cire tagar ba. Ana sa mata siririn burushi a gefe ya kashe kaɗawar da iskar, a ƙara wani gilashi daga ciki don ɗumi da rage ƙarar titi.

Taga ta roba idan jikinta ya lalace, sau da yawa sai dai a jefar. Kuma a wasu unguwannin sauya taga ba tare da izini ba, laifi ne; karanta amsa ta gaba kafin ka kira kowa.

Me doka ta hana ni yi wa gidan da na saya da kuɗina?

Ya danganta da matsayin gidan, kuma matsayi biyu ne da ake yawan rikita su. Na farko, gida mai rajistar tarihi. Hukumar Historic England ke riƙe da kundin, kowa yana iya duba adireshinsa a shafinta. Mataki uku ne, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari suna mataki mafi ƙasa. Rajistar ta shafi gidan ciki da waje, har murhu da matakala da ƙofofi, kuma taɓa su ba tare da takardar izini ba, laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa ƙarƙashin dokar 1990. Idan mai gidan da ya gabace ka ne ya yi ɓarnar, ana iya tilasta maka gyarawa, don haka sa lauyanka ya bincika kafin ka sa hannu. Gidajen Saltaire suna cikin kundin, amma yawancin gidajen jere da aka gina bayan 1850 ba sa ciki.

Na biyu, unguwar da aka keɓe don adana kamanninta. An fara wannan tsari da dokar 1967, garin Stamford ne na farko, yanzu kuma akwai kusan 10,000 a Ingila. A nan fuskar waje aka fi sa wa ido: rushe gini, lulluɓe bango, kafa faifan tauraron ɗan'adam a gaban gida, har sare bishiya sai an ba da sanarwar mako shida. Ƙaramar hukuma tana iya ƙara wani umarni na musamman da zai hana sauya taga, ƙofa ko rufi sai da izini. Akwai jami'in kula da gine-ginen tarihi a sashen tsara gari. Tambayarsa tun farko ta fi biyan tara daga baya.

Ina so in fasa bangon da ke tsakanin ɗakunan ƙasa, in kuma cire tudun murhu. Zai yiwu?

Yana yiwuwa, amma ba aikin guduma da ƙarfin tuwo ba ne. Bangon tsakiya sau da yawa shi ke ɗauke da daɓen sama. Tudun murhu kuma yana tashi tun daga ƙasa har ya huda rufi. Ka cire na ƙasa ka bar na sama, tarin dutse mai nauyin gaske ya rage rataye a kan iyalinka. Dole injiniya ya yi lissafi, sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma ya amince.

Sannan akwai haƙƙin maƙwabci, wanda a nan doka ce a rubuce. Dokar bangon tarayya ta 1996 ta ce ka ba maƙwabcinka sanarwa a rubuce wata biyu kafin ka taɓa bangon da kuke tarayya a kai. Yana da kwana 14 ya amsa. In ya yi shiru ko ya ƙi, sai a naɗa mai bincike ya tsara yadda za a yi aikin. Ni dai shawarata, ka zauna a gidan hunturu guda tukuna. Ƙananan ɗakuna biyu sun fi babba ɗaya sauƙin ɗumamawa, kuma ɗakin baƙin da na yi magana a kansa a sama, in ya tafi ba ya dawowa da sauƙi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Yaya zan rage sanyi da kuɗin gas ba tare da na cuci gidan ba?

Gidan tsakiyar layi yana da gata, bango biyu ne kawai ke fuskantar waje. Fara da rufi: shimfiɗa abin riƙe ɗumi a saman silin shi ne mafi araha kuma mafi amfani, amma a bar kafar iska a gefen rufin. Sai toshe tsagogin ƙofa da taga, da labule mai nauyi. Idan za a lulluɓe bango daga ciki, a yi da abin da laima ke iya ratsawa, kamar allon zaren katako da filastar farar ƙasa. Ka guji kumfar da ake fesawa a ƙarƙashin sileti. Tana riƙe laima a jikin katako, kuma bankuna da dama suna ƙin ba da bashin sayen gidan da aka yi wa haka.

Me zan duba kafin in saya, kuma akwai abin haɗari a ciki?

Biya a yi maka cikakken binciken gini, mataki na uku, kada ka tsaya a kan kimar da banki ya yi don kansa. A garuruwan kwal a nemi rahoton tsofaffin ramukan haƙa da ke ƙarƙashin unguwar. A Lancashire kuma kada ka firgita idan aka ce filin aro ne na shekara 999 da ɗan kuɗin ƙasa a shekara. Tsohon tsari ne da ya zama ruwan dare a yankin, sai dai lauya ya karanta sharuɗɗan.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, saboda haka kada a kankare shi a bushe yara suna gida. Bututun ruwan da ya shigo daga titi ma yana iya zama na dalma idan ba a sauya shi ba tun kafin 1970. Asbestos kuwa, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, ba magina na asali suka sa shi ba, masu gyara na ƙarni na 20 ne, a filastar silin mai ƙuraje da tayil ɗin roba. Sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya. A gwada kafin a fasa.

Waɗannan garuruwan suna da wata alaƙa da ƙasarmu?

Suna da ita, ta hanyar auduga. Akoko da alawayyo da kakanninmu suka saya a kantunan Turawa, da yawansu a masaƙun Lancashire aka saƙa su, da hannun mutanen da suka kwana a waɗannan ɗakuna. A 1902, shekara guda bayan rasuwar Biktoriya, aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a Manchesta don nemo wa masaƙun auduga daga ƙasashen da aka mallaka, kuma ita ta kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, auduga aka sa rai zai kwaso, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka karkata can.

Ta yaya zan san waɗanda suka zauna a gidan kafin ni?

Ana ƙidaya duk shekara goma, kuma takardun 1841 zuwa 1921 a buɗe suke. Na 1921 an sake su a Janairun 2022. Na 1931 sun ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi, amma akwai rajistar 1939 da ke cike wani ɓangare na giɓin. Ɗakunan karatu na gari da yawa suna ba da damar duba su kyauta a kwamfutocinsu, kuma ma'aikatan sashen tarihin gari suna taimakawa da hannu biyu. Ka kula, lambobin gidaje sun sha sauyawa, don haka ka bi jerin gidajen tun daga kusurwar titi yadda mai ƙidaya ya bi su.

Za ka ga sunan kowa, da shekarunsa, da garin haihuwarsa, da sana'arsa: masaƙi, mai kaɗi, mai gyaran inji, ɗan haya da ke kwana a ɗakin baya, da yaro ɗan shekara 12 da ke rabin yini a makaranta rabi a masaƙa. Idan tsofaffin takardun mallakar gidan suna hannun lauya ko banki, nemi a ba ka su. A cikinsu ne ake samun sunan maginin, da kuɗin da aka fara sayar da gidan, da sa hannun duk wanda ya riƙe makullin kafin ya iso hannunka.